Yadda Manomi Zai Raya Fumfunar Saiwa Ya Rage Kuɗin Takin Zamani

Ƙasar noman da ke kewayen Zariya, daga Samaru zuwa Giwa da Soba, ta daɗe da gajiya, kuma abin da ya fi yi mata ƙaranci bayan naitirojin shi ne fosfarus, wato sinadarin da ake sayen takin supa dominsa. Matsalar fosfarus ita ce ba ya tafiya a cikin ƙasa: inda aka zuba shi nan yake maƙalewa, saiwa ta tsotse ɗan abin da ke gefenta, sauran ya gagare ta. A nan ne wata fumfuna mai amfani, wadda masana ke kira maikoraiza, take shigowa. Tana shiga cikin saiwa ta zauna, sannan ta miƙa zarurruka da suka fi gashi siriri su ratsa inda saiwa ba ta kaiwa, su jawo fosfarus da zinki da danshi, ita kuma shukar ta biya ta da sukarin da ganyenta ya sarrafa. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa suna wannan hulɗa, ciki har da masara, dawa, gero, wake, gyaɗa, albasa, tumatir da barkono.

Aikin farko shi ne daina kashe wadda take gonar tun asali. Huɗa mai zurfi kowace shekara tana tsintsinka zarurrukan, don haka ya kyautu a rage juya ƙasa gwargwadon hali, a kuma bar ƙona kara da ciyawa a lokacin sharar gona. Fumfunar ba ta iya yaɗuwa sai a jikin saiwa mai rai, saboda haka gonar da aka bari fayau tsawon lokaci tana rasa ta, yayin da haɗa dawa da wake, ko juya masara da waken soya, ke ƙara mata yawa. Kabeji ba ya hulɗa da ita, don haka manomin fadama kada ya maimaita shi a wuri ɗaya shekara da shekara. Cika supa ko NPK fiye da kima ma yana korar ta, domin shukar da ta ƙoshi da fosfarus ba ta buɗe mata ƙofa.

Aiki na biyu, wanda a ganina ya fi dacewa da masu noman rani a bakin kogin Galma da Kubanni, shi ne raya fumfunar a gida. A nemi wurin da garma ba ta shiga ba shekaru da yawa, kamar gindin ɗorawa ko inda gamba ta yi kauri, a share saman, a ɗebi ƙasa daga zurfin kimanin taƙi ɗaya tare da ƙananan saiwoyin da ke cikinta. Gara a ɗebo daga wurare biyu ko uku, kuma a guji duk inda aka taɓa ganin wuta-wuta, don kada a kwaso irinta. A gauraya wannan ƙasa da yashi mai tsabta daidai wa daida, a zuba a buhu ko tsohon baho mai huji a ƙasa, a shuka masara ko dawa tare da wake da kauri. Ba a sa takin zamani ko kashin kaji ko maganin fumfuna a ciki. Ruwa kawai ake ba shi. Bayan wata uku a yanke shukar daga gindi, a daina ban ruwa na mako biyu, domin bushewar ce take sa fumfunar ta yi ƙwayoyin iri. Daga nan a zazzage buhun, a daddatsa saiwoyin ƙanana, a cakuɗa su da ƙasar, a ajiye a inuwa inda babu laima. Wanda ya fara a Yuli zai samu nasa a Oktoba, daidai lokacin yafa irin tumatir da albasa.

Wajen amfani, sharaɗin shi ne wannan garin ƙasa da saiwoyi da aka cakuɗa ya taɓa saiwar shuka. A bedin reno a barbaɗa shi a ƙarƙashin iri kafin a rufe, a wajen dashe kuma a zuba cikin tafin hannu ɗaya a ramin. Watsa shi a saman gona asara ce, domin rana za ta lalata shi. Reno ya fi arha nesa ba kusa ba, tunda ɗan buhu guda zai wadaci dashen fili mai faɗi, kuma kowane tsiro zai tafi gona da fumfunarsa a jiki.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Wannan fumfuna ba ta ƙirƙirar abinci, tana jawo wanda ke cikin ƙasa ne, kuma ba ta kamo naitirojin daga iska kamar yadda ƙwayoyin da ke kumburin saiwar wake da gyaɗa suke yi. Masara za ta ci gaba da neman yuriya ko takin gargajiya mai yawa. Abin da ya dace shi ne a ware kunya goma a sa garin a rage supa, a bar wasu goma a gefensu kamar yadda aka saba, a gwada amfanin da kaka. Wanda yake son sanin ainihin ƙarfin fosfarus na gonarsa kafin ya rage taki, sai ya kai samfurin ƙasa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.