Yadda ake cire sifirin ɗin shokozoba a gida ba tare da ya yi tsalle ba

A yawancin ƙananan motoci, sifirin ɗin gaba naɗe yake a jikin shokozoba, tsarin da ake kira MacPherson. Ko an ciro su daga mota an ajiye a ƙasa, sifirin ɗin nan a matse yake, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da shi, wato babban nan na tsakiya da ke saman sandar shokozoba. Sababbin hannu da na ga aikin ya ba su kashi, a wuri biyu suke faɗuwa: ko su taɓa notin nan kafin lokaci, ko su matse sifirin a karkace.

Ka tanadi jek, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sifanoni, giris, alli, tabaran kariya, da kilam biyu na matse sifirin, irin masu doguwar sanda mai zare da ƙugiya a kowane kai. Ni ba na amfani da kilam ɗin da ba shi da fil ɗin kulle ƙugiya. In kuɗin mai kyau ya yi maka yawa, ka ara, ko ka ciro shokozobar a haɗe ka kai gareji su matse maka da injin ɗinsu na jikin bango. Igiya, waya da bel ɗin ɗaure kaya kuwa, ko kusa.

Ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka ja birkin hannu, ka saka waigi a tayoyin baya. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, ɗaga, ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, sannan ka cire taya. Jek na ɗagawa ne kawai. Bulon siminti kuma rugujewa yake yi ba sallama.

Yanzu sai ka kwance duk abin da ke maƙale a jikin shokozoba: maƙalin tiyon birki, wayar ABS, da ɗan sandan da ya haɗa ta da sitabilaiza. Kafin ka taɓa manyan kusoshin ƙasa, ka shata musu alama da alli, domin a wasu motocin da su ake saita tsayuwar taya. Ka tokare hob ɗin, wato mazaunin da ake ɗaure taya a kai, da jek daga ƙasa kafin ka zare su. In ka bar shi ya rataye, zai ja tiyon birki, ko shaf mai juya taya ya zame daga mazauninsa, aikin awa biyu ya zama na yini.

Buɗe bonet. Za ka ga ƙananan notoci, galibi uku, sun kewaye babba ɗaya. Ƙananan za ka kwance. Na tsakiyar ba ruwanka da shi tukuna. Bar ƙarami ɗaya a sassauce har sai ka riƙe shokozobar da ɗaya hannun, sannan ka zaro ta gaba ɗaya.

Nan ne aikin yake. Ka kwantar da shokozobar a ƙasa ko a kan benci, kanta na kallon bango, ba kai ba, ba mota ba, ba ƙofar da wani zai iya shigowa ba. Kai kana gefe koyaushe. Kori yara daga wurin. Ja layi da alli daga hular sama, wato farantin da ke danne kan sifirin, ta kan sifirin, har mazaunin ƙasa, don ka san yadda suke zaune. Goge laka da mai daga zagayen da ƙugiya za ta kama, sannan ka shafa giris a zaren kilam kaɗai.

Kafa kilam biyun daura da juna, ɗaya nan ɗaya can, kowanne ya kama zagaye masu yawa gwargwadon yadda zai yiwu, kuma adadin ya zama ɗaya. Kilam ɗin da ya kama zagaye biyu kacal zarensa zai ƙare kafin sifirin ya saki. Ɗaure da sifanar hannu: juyi uku ko huɗu a wannan, ka koma wancan ka yi masa daidai haka. Abin da gundura, shi ya sa mutane ke zarcewa a gefe guda. Da ka yi haka sifirin zai lanƙwashe kamar baka, ƙugiyoyin su fara silalewa suna bin gangaren zagayen har kilam biyun su haɗu a gefe ɗaya, daga nan kuwa sai tashi. Bayan kowane zagaye na ɗauri, ka tsaya ka duba: har yanzu suna daura da juna? Ƙugiya na zaune daram? Sandar kilam ba ta fara gantsarewa ba? In ɗaya ya gusa, kada ka buga shi da guduma don ya koma. Sassauta duka biyun a hankali, bi da bi, ka sake kafawa daga farko.

Na'urar kwance noti ta iska ko ta batir ba ta da gurbi a nan. Tana cin zaren kilam, girgizarta na tura ƙugiya, kuma ba ta barin hannunka ya ji lokacin da abu ya fara cijewa.

Yaushe matsin ya isa? Lokacin da sifirin ya rabu da mazauninsa, har kana iya juya shi ko ka ji hular sama na motsi. Ba a wuce nan, ƙarin matsi ƙarin haɗari ne kawai. Sai yanzu za ka je wa notin tsakiya. Sandar shokozobar za ta so juyawa tare da shi, don haka ka riƙe kanta da alanki ko ƙaramar sifana, gwargwadon ƙirarta. Kada ka damƙi jikinta mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga sil, shokozoba ta fara yoyon mai. In kana kwancewa ka ji notin na da nauyi har ƙarshe, ko hula na biyo shi sama, tsaya. Sifirin bai saki ba. Mayar da notin, ƙara matsi.

Cire hula, boris da robobi, ka jera su yadda suka fito. Zare sifirin ka ajiye a hankali, kada ka jefar, kada ka bar shi a matse ya kwana. In sabo za ka saka, sassauta kilam bi da bi har tsohon ya miƙe. Wanda ya karye ko tsatsa ta cinye, ban yarda a matse shi a gida ba sam.

Mayarwa baya-baya ne. Bakin sifirin ya zauna a ɗan gurbinsa na mazaunin ƙasa, notin tsakiya ya ɗauru kafin a saki kilam, kuma a bi ma'aunin ɗauri na littafin motar. Ana canza hagu da dama tare. A motocin da sifirin baya yake daban da shokozoba, sau da yawa tokare hannun ƙasa da jek, cire kusar shokozoba da sauke jek sannu a hankali ya wadatar, amma ka duba littafin taka. Bayan an gama, a kai mota a yi mata alaimen.