Kurakuran da Masu Tara Tsofaffin Agogunan Nutso Suka Fi Yi

Tun daga shekarar 1953, lokacin da kamfanin agogo na Blancpain ya fitar da samfurin Fifty Fathoms, kamfanin Rolex kuma ya ƙera Submariner, agogon nutso kayan aiki ne da ake shiga teku da shi, shi ya sa ƙalilan ne suka kawo yau da kayansu na asali. Wannan asalin shi ne darajar agogon, kuma yawancin kurakuran masu tarawa daga rashin fahimtar hakan suke tasowa.

Mafi muni a cikinsu shi ne son a mayar da agogon sabo fil. Mutum zai samu Submariner mai lamba 5513, ya kai wa mai gyara don a goge ƙarzunan jikinsa, alhali injin gogewa cin ƙarfe yake yi. Yana dusashe kaifin kunnuwan da ake ɗaura madauri a kansu, har wani kunnen ya fi ɗan'uwansa kauri, kuma ƙarfen da ya tafi ya tafi ke nan. Hatta a cibiyar gyara ta kamfani, sau da yawa akan cire tsohuwar fuska da hannaye da zobe mai juyawa da ya koɗe, a sa sababbi. Agogon zai dawo yana sheƙi, amma ya rasa abin da masu tarawa suke nema. Maganin shi ne a rubuta sharaɗi kafin a miƙa shi: a wanke inji, a sa mai, a canja robobin da ke hana ruwa shiga, kada a taɓa sauran, kuma a dawo da duk abin da aka cire.

Kuskure na biyu shi ne rashin karanta sinadarin hasken da ke kan fuska da hannaye. Har farkon shekarun 1960 radiyam ake shafawa, daga baya aka koma tiritiyam, wanda Rolex ya yi amfani da shi har wajen 1998, kuma akan gane shi da harafin T da ke kusa da kalmar Swiss a ƙasan fuskar. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, don haka agogon 1970 da ya daɗe yana haske sosai a duhu, akwai alamar an sake masa shafi ko an canja masa kaya. A haska shi da fitilar UV, irin wadda ake gwada jabun kuɗi da ita, a duba ko fuskar da hannayen sun tsufa tare. Radiyam kuwa, ko ya daina haske bai daina cutarwa ba, kuma ƙurarsa tana da haɗari idan aka shaƙa, saboda haka kada a buɗe irin wannan agogon a gida.

Akwai kuma masu gaskata zurfin da aka rubuta a fuska. Mita 150 da ke kan Seiko 62MAS na 1965 alkawari ne na lokacin da agogon yake sabo. Robobi sun bushe tun tuni, ɗigon ruwa kaɗan kuma ya isa ya ɓata fuskar da ba a ƙera irinta yanzu. A yi masa gwajin matsi wajen mai gyara, kuma a ganina ko ya ci gwajin, bai kamata a shiga ruwa da shi ba.

Sai batun agogon da aka harhaɗa da sassa daban-daban, wanda kowane sashensa na gaske ne amma ba tare suka fito daga masana'anta ba. A tsofaffin Rolex, lambar samfuri tana tsakanin kunnuwan da ke saitin ƙarfe 12 na fuska, lambar shaida kuma tsakanin waɗanda ke saitin ƙarfe 6, kuma sai an cire madauri ake ganinsu. A gwada shekarar da lambar shaidar ta nuna da salon rubutun fuska da injin da ke ciki. Irin su Submariner 5517 da aka yi wa sojojin Birtaniya, jabunsu sun yi yawa saboda tsadarsu, don haka labarin mai sayarwa kaɗai bai wadatar ba. A nemi hotunan inji da cikin murfin baya, a kuma sami yarjejeniyar mayar da kuɗi idan ƙwararre ya duba ya ga akwai matsala.