Kurakuran da Muke Yi Idan Muna Rahoto kan Yunwa

Na daɗe ina gyara rahotannin ƙannenmu 'yan jarida a nan Kaduna, kuma kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cakuɗa fari da yunwa. Fari rashin ruwan sama ne. Ana yin fari a ci a ƙoshi idan da hatsi a rumbu, ana kuma yin damina mai albarka a kwana ba a ɗora tukunya ba, kamar manoman Birnin Gwari a shekarun da 'yan bindiga suka raba su da gonakinsu. Duk wanda ya rubuta "fari" a nan ya ɗora wa sama laifin mutane.

Ita kanta yunwar hawa-hawa ce. Ma'aunin Cadre Harmonisé da ake amfani da shi a Afirka ta Yamma yana da mataki 5. Ba a ayyana na ƙarshe, wato yunwa mafi tsanani, sai kashi 20 cikin 100 na gidaje sun rasa abinci ƙwarai, kashi 30 na yara sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Haka aka ayyana a Somaliya a 2011, da sansanin Zamzam na Sudan a 2024. Miliyoyin da muke bugawa a kanun labarai galibi 'yan mataki na 3 ne zuwa sama, sau da yawa ma hasashe ne na watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ka tambayi mai ba ka adadin: wane mataki, kuma yanzu ne ko nan gaba?

Sai masu zuwa kasuwa su ga buhuna jibge su dawo su ce abinci ya wadata. A bincikensa game da yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa mutane kan mutu da yunwa abinci na kasuwa, don ba su da abin saye. Mun gani da idonmu bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Ka bar dillalin buhu, ka tsaya gaban mai awo a Kasuwar Bacci da la'asar. Za ka ga matar da ta saba sayen tiya tana kwance bakin zani, tana ƙirga canji, ta ce a auna mata rabin mudu. Ka tambayi mai awon tun yaushe aka fara haka.

Idan farashi ya faɗi kuma, kada ka yi gaggawar guɗa. Ka je Saminaka ka ji nawa manomi ya sayi taki, nawa ya sayar da masararsa, da ko zai sake nomanta baɗi.

Hoto ne ya fi sa ni baƙin ciki. Na taɓa ganin an zare yaro daga bayan uwarsa a wani asibiti don a ɗauki haƙarƙarinsa, ba wanda ya ce mata sannu. Ka gaishe ta, ka nemi izininta, ka saurare ta. Idan ma'aikaciyar jinya ta zagaya ma'auni a damtsen yaron ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani, ka rubuta wannan, ka bar fuskarsa a lulluɓe.