Tsagewar firam a keke na hannu

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya sayi keke na hannu ya ga firam, wato gangar jikin keken, ya tsage, kar ya yi saurin kai wa mai walda tukuna. Fara samun maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ma ya isa, ka manna a jiki. In ya kama to ƙarfe ne irin na su Phoenix da Raleigh na da, wannan yana gyaruwa, ka ce a kankare fentin a huda ɗan rami ƙarami a ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, sannan a yi waldar gas, ta wutar lantarki tana yawan ƙona bututun saboda ba shi da kauri.

In bai kama ba galibi alminiyam ne, gaskiya kar ka ɓata kuɗinka. Nawa sau biyu ana liƙewa yana sake buɗewa gefen waldar, ƙarshe taya da giya na kwance na nemi wani firam.

Amma fa in tsagar a wuyan keken take ko a fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, wallahi kar ka hau ko zuwa masallaci. Kuma lokacin saye ku riƙa ɗaga sitika, ƙarƙashinta ake ɓoye tsagar.