Kurakuran da matafiya suka fi yi bayan jirgi ya sauka a ƙasar waje

Tsakanin ƙofar jirgi da ƙofar fita, matafiyi kan bi ta wurare uku: shige da fice, wurin ɗaukar kaya, sai kwastan. Wanda ya wuce ɗaya ba a barinsa ya dawo, don haka duk abin da ya kamata a yi a wuri, a gama shi kafin a matsa gaba.

A gaban jami'in shige da fice, kuskuren da ya fi yawa shi ne barin takardu cikin akwatin da aka auna. Tikitin dawowa, adireshin masauki da takardar gayyata a hannu ake son su, kuma a buga su a takarda, domin waya kan mutu ko ta rasa intanet. Tambayoyin ba su da yawa: me ya kawo ka, ina za ka sauka, kwana nawa za ka yi. Amsa ta yi daidai da abin da ke cikin biza. Mai bizar yawon buɗe ido da ya ce zai ɗan taɓa aiki, a nan take za a iya mayar da shi.

Maganar kaya ta fi cin mutane. Ƙaramar takardar nan mai lamba da ake liƙa wa a bayan tikiti ko fasfo lokacin awo, da yawa kan yar da ita, alhali da ita ake bin sawun akwati. Idan bel ɗin da ke zagayowa da kaya ya tsaya akwatinka bai fito ba, ko ya fito a fashe, kada ka fita. Nemi teburin kamfanin jirgin da ke cikin zauren, a cike takardar rahoto, ka karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla kan sufurin jiragen sama, ta ba da kwana 7 don kai ƙorafi a rubuce kan kayan da suka lalace, da kwana 21 kan waɗanda suka makara, daga ranar da aka karɓe su. Ba tare da wannan rahoto ba, neman diyya wahala ce. A kuma duba lamba kafin a ja akwati. Baƙaƙen akwatuna kama suke da juna.

Mai canja jirgi a Amurka ya sani cewa a ƙa'ida a filin farko ake ɗaukar kaya, a bi da su ta kwastan, sannan a sake miƙa su.

A kwastan, inda aka ware hanya biyu, koriya da ja, bin koriyar hanya tamkar furta cewa ba ka da abin bayyanawa ne. Kuɗin hannu da suka kai Yuro 10,000 dole a bayyana su a Tarayyar Turai. A Amurka kuwa, duk abin da ya haura Dala 10,000. Riƙe su ba laifi ba ne, ɓoye su ne ke sa a ƙwace. Turai ta kuma hana matafiya daga yawancin ƙasashe shiga da nama da kayan madara. Magani irin su tramadol da kodin, musamman a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai da takardar likita da izini. In akwai shakka, jar hanya, wato ta masu abin bayyanawa, ta fi. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba kuwa, kada ka ɗauka ko na wane ne.

A waje, canza kuɗi kaɗan kawai, farashin filin jirgi ba shi da kyau. Ka ƙyale masu tarar mutane suna cewa "tasi, tasi", ka bi alama zuwa layin motocin da aka yi wa rajista, ka tabbatar da mita ko farashi kafin a saka kaya a but.