Kano zuwa Jidda: yadda za ka lissafa awannin jirgi

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda tazarar kilomita kusan 3,400 ce a miƙe. Jirgin da ba ya yada zango yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar idan ya bi ta Chadi da Sudan. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jirage da yawa kewaye sararin ƙasar suke yi, tafiya ta ƙara tsawo. Don haka abin da tikitinka ya ce shi za ka riƙe, ba lissafin wanda ya zo shekarun baya ba.

Inda sababbin zuwa suka fi rikicewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta tashi da agogon garin da za ka bari, sauka kuma da agogon garin da za ka je. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 11 na dare ya yi awa biyar a sama, ƙarfe 6 na safe zai sauka Jidda, ka ga kamar awa bakwai. A komawa gida, ya tashi 9 na safe ya sauka 12 na rana, kamar awa uku. In za ka faɗa wa mai tarbarka lokaci, faɗa masa da agogon garinsa.

Ka kula da jirgin tsakar dare, don Allah. Idan an rubuta Alhamis 01:30, ran Laraba da dare za ka tafi filin jirgi, awa uku kafin tashi. Wanda ya bari sai ran Alhamis da dare zai tarar jirgi ya tafi tuni, kuɗi kuma sun salwanta.

Tikitin da ke bi ta Adis Ababa ko Alƙahira yakan fi araha, sai dai zaman jira yana iya mai da tafiyar ta zama ta yini guda. Mai tafe da tsoho ko yara ya auna wannan sosai.

Makka ba ta da filin jirgi, Jidda za ka sauka ka ƙarasa a mota ko jirgin ƙasa na Haramaini. Mai niyyar umra ya daura harami tun kafin jirgi ya wuce miƙati, domin a sama ake ƙetare shi. Jidda zuwa Riyad kilomita kusan 850 ne, wajen awa ɗaya da rabi a jirgin sama. Zuwa Madina kuwa mun fi ba da shawarar jirgin ƙasa: tasharsa tana cikin filin jirgin, tafiyar kamar awa biyu, babu dogon layin bincike.

Mai igama (katin izinin zama a Saudiyya) da zai je gida hutu ya tabbata bizar fita da dawowa, wato huruj wa auda, ta fito a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kafin ya biya kuɗin tikiti, kuma ranar dawowarsa ta faɗo cikin wa'adinta da rarar kwanaki, saboda jirgi yana iya jinkiri.