Darasi na 9: Gyaran Filin Ƙofar Gida Da Ciyawa Ta Cinye

To 'yan uwa, darasin yau na wanda ya tare a sabon gida ne, ko saye ya yi ko gado ko haya, ya tarar filin ƙofar gidan duk ya zama daji. Da yawa gidajen da ake saye a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa sai ka ga sun yi damina biyu uku ba kowa a ciki, mai gidan na da ya taɓa yin 'yan kwamai a gindin katanga ya shuka fulawa da lalle da zogale, amma yanzu ciyawa ta haɗiye komai har ba ka gane inda kwamin ya fara balle inda ya ƙare. Wannan fili shi baƙo yake fara gani, nan yara suke wasa da yamma, nan ake shimfiɗa tabarma in an yi suna ko rasuwa, saboda haka barinsa haka ba ƙaramin sakaci ba ne. Ga sauro da yake samun maɓoya, ga kunama, ga maciji.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kar mutum ya ɗauki adda ya hau sara ranar da ya tare. Ka fara zagawa da safe kana duba me da me ke wurin, domin a cikin dajin nan akwai abin da wani ya sha wahala ya raina shekara da shekaru. Lalle in ya daɗe ba a kula da shi ba yakan yi tsiri-tsiri kamar ya mutu, amma ka ɗan kankare ɓawon reshen da farce, in ka ga kore a ciki to da ransa, aski kawai yake so. Haka zogale, ko ya yi tsawo ya rame ganye sai can sama, kar ka tumɓuke shi, sare shi za ka yi daidai ƙugunka ko ƙirjinka, zai tofo da rassa da yawa a ƙasa-ƙasa inda hannun uwargida zai kai. Duk abin da ka ga za a bari, ɗaura masa tsumma ko ka kafa sanda kusa da shi, don yaran da za su taya ka aiki su ba ruwansu, duk kore ciyawa ne a wajensu. Wanda ba ka gane ba kuma ka kira dattijon maƙwabcinka ka ce, Baba don Allah zo ka duba min wannan, galibi ya san ma wanda ya shuka shi. Daga nan sai ka tambaye shi iyakar filin da inda hanyar mutane da ta dabbobi ta bi, in akwai shakka a je wajen mai unguwa tun kafin ka kafa ko sanda ɗaya. Rigimar iyaka da maƙwabci a satin farko ba ta da daɗi ko kaɗan.

Kayan aiki ba wasu masu tsada ba ne, fartanya da adda da lauje da manjagara, sai diga in ƙasar ta yi tauri, da baro ko tsohon buhu na kwashe shara. Wanda ba shi da su zai samu wajen maƙera ranar kasuwa, kamar Wudil ran Juma'a ko Dambatta ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis, ko kuma ya ara. Amma takalmi rufaffe dole ne, ban yarda mutum ya shiga ciyawa mai duhu da silifas ba. Ka riƙe doguwar sanda kana bubbuga ciyawar kafin ka sa ƙafa, kuma tsohon bulo ko fasasshiyar tukunya da sanda za ka fara juya ta ba da hannu ba, nan kunama take kwana. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau da igiya, a kwantar masa da hankali a hana shi yawan motsi a kai shi asibiti nan take.

Yanzu sai ciyawar kanta, kuma nan ne aikin yake, don ba duk ciyawa ake yi wa magani iri ɗaya ba. Ƙarangiya da tsaida da kashin yawo ta iri suke yaɗuwa, su da sauƙi in ka riga su, wato ka nome su kafin su yi ƙaya. In kuma sun riga sun yi, a hankali za ka tattara su a buhu ka fitar, kar ka yi ta kaɗa su a wurin, duk ƙayar da ta zube ciyawar baɗi ce kuma ita ce za ta shiga ƙafar yaro. Masu taurin kai su ne kiri-kiri da tofa da aya-aya. Waɗannan ko ka share samansu fes filin ya yi kyau har ka ji daɗi, sati biyu da samun ruwa za su dawo, saboda ransu yana ƙarƙashin ƙasa. Gwada ka sa fartanya ka ɗago aya-aya guda ɗaya a hankali ka karkaɗe ƙasar, za ka ga wani siririn zare baƙi ya tafi gefe, ka bi shi da yatsa za ka tarar da ɗan ƙwallo mai tauri, daga shi kuma wani zaren ya sake tafiya zuwa wani ƙwallon. Kowane ƙwallo da ka bari sabuwar ciyawa ce. Kiri-kiri kuma ko guntun jijiyarsa mai gaɓa ɗaya ya rage zai kama. Shi ya sa haƙa ake yi, zurfin kamar taƙi ɗaya ko fiye, ana tsince jijiyoyin da hannu ana zubawa a buhu, sannan a shanya su a rana a kan dandamali ko tsohon kwano su bushe ƙayau. Kar ka zuba su a ramin taki ɗanye, ka kai su inda za su ƙara ƙiba ke nan. Gaskiya aikin da gajiya, kuma mutum ba zai gama shi a yini ɗaya ba, gara ka ɗauki kwami ɗaya ka gama shi tsaf ka koma na gaba da a ce ka bi filin duka sama-sama.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan haƙa shi ne bazara, wajen Maris zuwa Mayu, ka juye ƙasar ka bar ta a buɗe rana ta gasa sauran jijiyoyin. In ƙasar ta yi tauri sosai ka yayyafa mata ruwa da daddare ka haƙa da sassafe. Idan ruwan farko ya sauka kar ka yi gaggawar shuka, bari kwana goma zuwa sati biyu, irin ciyawar da ya rage zai tsiro ƙanana, ka bi da fartanya sama-sama ka kashe su, sannan ka yi shukarka.

Akwai guda biyu da za a yi hattara da su. Tumfafiya tana da farin ruwa mai kama da nono, in ya shiga ido yana yi masa illa sosai, don haka ka kau da fuska lokacin sara kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa fuskarka, ita ma sai an haƙo saiwarta mai zurfi in ba haka ba ta tofo. Zaƙami kuma guba ne, ganye da 'ya'ya duka, kar a bar shi ko ɗaya a inda yara suke. Tafasa da rama da suka fito da kansu, wannan kam abinci ne, a tsinka a kai cikin gida.

Wasu za su ce ai sai a cinna wuta a huta. Ni ban ba da wannan shawara a ƙofar gida ba, musamman da hunturu da iska take kaɗawa ga zana ga dangar kara ga rumbu kusa, kuma wutar sama kawai take ci, jijiyar tana nan lafiya lau. Maganin feshi ma haka, ba ya bambance lallenka da ciyawa, ga kaji da awaki da yara suna yawo a wurin. In dai har sai an yi, a nemi malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) ya nuna yadda ake yi, kuma robar maganin kar a sake zuba ruwa ko mai a cikinta har abada.

Da an gama share fili sai fitar da kwami. Faɗinsa kar ya wuce mita 1, yadda hannunka zai kai tsakiya ba sai ka taka ciki ba, tsawo kuma daidai ƙarfinka. In katangar gidan ta ƙasa ce, ka ja baya da ita kamar taku biyu, domin ban ruwa kullum a gindin katanga yana cinye ta daga ƙasa, wata rana cikin marka ta Agusta sai dai a ji ta zube. Ka duba inda indararo yake zubar da ruwa, kar ka sa kwami daidai ƙarƙashinsa, amma za ka iya jan 'yar hanya daga nan ruwan ya gangara a hankali zuwa shukar. Ka bar hanya mai faɗi zuwa zaure wadda babur da amalanke za su wuce, da wurin zama a dakali. Gefen kwamin a jera masa fasassun bulo ko duwatsu su riƙe ƙasa.

Ƙasarmu a wurare da yawa, musamman arewacin Kano da Jigawa, rairayi ce, ruwa yana wucewa da sauri ba ta riƙe shi, ga ta kuma a ƙofar gida an tattake ta ga leda da gwangwani da tsohon batir a binne. Duk a tsince su. Abin da zai gyara ta shi ne takin gargajiya wanda ya ruɓe, na awaki da tumaki ko na shanu, kamar bokiti ɗaya zuwa biyu a kowace mita ta kwami, a cakuɗa da ƙasar sosai. Ruɓaɓɓen taki baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari mai hawa kai. Ɗanyen kashin kaji kuwa zafi gare shi, yana ƙone ƙaramar shuka, sai an tara shi ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ciyawa mai laushi da ka nome wadda ba ta yi iri ba, ita ka zuba a rami da kashin dabbobi da 'yar toka kana yayyafa ruwa kana juyawa, cikin wata 2 zuwa 3 ta zama taki.

Kafin ka shuka komai, shinge. Na sa shi gaba da shuka da gangan, saboda da rani dabbobi a sake suke, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata uku kafin ka dawo daga masallaci. Ƙayar magarya ko dangar kara ko tsohuwar waya duk suna yi, ƙananan bishiyoyi kuma a kewaye kowace da bulo ko kwando marar gindi. Wasu suna shinge da bini-da-zugu don dabba ba ta cinsa, sai dai 'ya'yansa guba ne in yaro ya ci, mai ƙananan yara ya yi tunani.

Me za a shuka? Ka fara lissafin ruwa tukuna. In rijiya ko famfon burtsatse yana nesa kuma jarka saye kake yi, kar ka cika fili da fulawar da take son ruwa safe da yamma, za ta yi kyau da damina ta mutu a Fabrairu ranka ya ɓaci. Lalle da zogale suna jure fari in sun kama. Zogale ana shuka ƙwayarsa zurfin gaɓar yatsa ɗaya, yana fitowa cikin sati ɗaya zuwa biyu, ko a dasa reshe mai kauri, amma ba ya son inda ruwa yake kwanciya. Daga baya wajen katanga sai dogaye, a gaba kuma gajeru, yakuwa ma kanta ado ce in ta yi ja ga miya ga zoɓo. Mai son fulawa zalla, masu sayarwa suna nan a bakin titi a birnin Kano da Dutse, ka ce musu mai jure rana kake so wadda ba ta da guba, ko ka roƙi reshe wajen wanda tasa ta kama a garinku, wannan ta riga ta saba da ƙasarku. Darbejiya ko mangwaro na inuwa a nesanta su da gini sosai saboda saiwa. Dashe da yamma ake yi, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya, a danne ƙasar da hannu a ba da ruwa nan take.

Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi ba a kan ganye ba. Ruwan wankin hatsi da na shinkafa da na alwala duk a tara a bokiti a kai wa shuka, amma ban da ruwan omo. A rufe saman kwamin da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don ya riƙe danshi, sai dai a bar ɗan fili kewaye da gindin shukar kar ya taɓa ta, kuma a riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara. Aya-aya za ta sake leƙowa, wannan ba makawa, duk sati ka bi ka cire ta tun tana ganye biyu uku kafin ta yi sabon ƙwallo.

Aikin aji: kowa ya rubuta sunan ciyawa 5 da ke ƙofar gidansa, ya ja layi a ƙarƙashin waɗanda sai an haƙo jijiyarsu. Sannan wannan lissafi: kwami mai tsawon mita 4, ana zuba taki bokiti 2 a kowace mita, bokiti nawa ake bukata? In kwamin guda 3 ne fa? Mata da ke ajin yamma za su iya yin nasu a kan tsakar gida. Mako mai zuwa kowa ya zo da ciyawa ɗaya da ya tumɓuko da saiwarta a leda, za mu baje su a tabarma mu rubuta sunan kowace a allo.